Takwas a Ƙasa, Biyar a Sama

Fagge, Kano.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka zaune lafiya a cikin jirgin ƙasa, akwatinka kusa da ƙafarka. Allah ya kai ku Zariya lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na mugun abokin tafiya. Na ce wa innarka ta ɗaura takardar a saman ƙullin dambun naman da ta yi maka, don na san halin cikinka, kafin jirgi ya bar ƙasar Kano za ka kwance shi. Da ni na miƙa maka, da hannu biyu za ka karɓa, ka ce "to, Baba," ka jefa ta ƙasan akwati sai bayan sati. Ni kuwa ba ni da sati, tunda ranar Litinin za ku yi rajista a jami'a.

Ka yi haƙuri da rubutun. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, hannun kuma ya fi sabawa da zarto.

Magana ɗaya ce ta zaunar da ni. Innarka ta gaya mini ka ce in ka isa ba za ka rubuta sunanka a sashen zanen gine-gine ba, inda aka ɗauke ka, inda ka shekara biyu kana ƙwallafa rai. Wai za ka nemi a mai da kai sashen mulki, ka fito ka zama ma'aikacin ofis. Aikin ofis ba abin kunya ba ne, amma ba don kana son sa ka zaɓe shi ba. Ni na tura ka can da bakina, ni kuma zan dawo da kai in Allah ya yarda.

Bari in maimaita abin da ya faru, don kada ka ɗauka na manta ko ina so a binne shi. Sati uku da suka wuce, bayan azahar, ina gama wani ƙyaure a bakin shago. Malam Tanko da Isiyaku, kafintocin da muke layi ɗaya da su, suna zaune a kan bencina suna shan inuwa. Sai ga ka da littafi da rula, fuskarka cike da murna. Ka auna ƙyauren daga ƙasa zuwa katakon da ke gicciye a tsakiyarsa, ka auna daga nan zuwa sama, ka yi ɗan lissafi a tafin hannunka, ka ce:

"Baba, ka san abin da kake yi kuwa? Takwas a ƙasa, biyar a sama. Wannan ai shi ne rabon zinariya! Ga shi nan a littafi. Mutanen da sun san shi tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Maginansu da masu zanensu duk sun yi magana a kansa."

Ka kuma yi bayani, na ji shi sarai ko da yake na yi kamar ban ji ba. Ka ce a raba sanda gida biyu, babba da ƙarami, ta yadda fifikon da babban ya yi wa ƙaramin zai zama daidai da fifikon da sandar gaba ɗaya ta yi wa babban. Ka ce in an bi lissafin, babban yakan ninka ƙaramin sau ɗaya da ɗigo shida da 'yan kai, takwas da biyar ɗina kuwa ya kusa da haka ƙwarai.

Ni kuma me na yi? Na fizge littafin na wurga shi cikin dusar katako. Na ce kai da ba ka taɓa yanka katako ya miƙe ba za ka koya mini aikina. Na ce ba ka da idon wannan sana'a, hannunka na biro ne, ka je ka zama akawu ka bar masu ido su yi zane. Ka tsaya kana kallona, sannan ka juya ka tafi. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Littafin na ɗauke shi bayan sun watse, na kakkaɓe, yana ƙasan akwatinka a ƙarƙashin bargo.

Yanzu ka saurari abin da ya harzuƙa ni, don ba abin da kake zato ba ne. Ba kuskure ka yi ba. Daidai ka faɗa, daidai ɗin ne ya ƙona ni.

Ina da shekara goma sha biyar mahaifina, mai sunanka, ya kai ni Sabon Gari wurin Oga Matiyu, wani kafinta mutumin gabas da ya koyi aiki a wurin gyaran taragon jirgi. Shekara bakwai na yi a hannunsa. Na yi shara, na ɗebo ruwa, na miƙe tanƙwararrun ƙusoshi har yatsuna suka yi kanta. Duk tsawon lokacin nan abu ɗaya ke damuna: ni da shi mu yi ƙyaure da katako iri ɗaya, ƙusa iri ɗaya, nawa ya fi nasa santsi ma wani lokaci, amma mai saye ya zo ya wuce nawa ya dafa nasa. Ka tambaye shi dalili, sai ya ce shi dai wannan ya fi kwanta masa. Sai a satin da zai sallame ni ya kira ni, ya ɗauki alli ya raba tsayin ƙyaure gida goma sha uku. Ya ƙirga takwas daga ƙasa ya ja layi, ya ce:

"Ɗanladi, nan ne wurin katakon tsakiya. Kai kullum a tsakiya cif kake sa shi, shi ya sa ido ba ya sanin inda zai tsaya. Tebur ma haka, faɗi biyar, tsawo takwas. Firam ɗin madubi haka. Je ka gwada."

Na gwada, na ga abin mamaki. Daga ranar na riƙe wannan abu kamar laya. Bai ce in ɓoye ba, ni na ɗora wa kaina. In zan yi awo sai in juya wa mutane baya, in na gama in goge allin da yawu. Na ce a raina shekara bakwai na ba da kafin a ba ni, ba wanda zai samu a banza. Har kai ɗana ban nuna maka ba, ina cewa sai ka yi hankali. To ka duba yadda na ji ranar da ka tsaya a gaban abokan gasata, ka karanto sirrin shekara talatin daga littafin da ake sayarwa a kasuwa. Kunya ce ta kama ni, na rasa inda zan kai ta, sai na juye ta a kanka.

Oga Matiyu ya tafi gida lokacin da gari ya rikice, na ɗauka ba zan sake ganinsa ba. Bayan an daina yaƙin basasa ya dawo Sabon Gari, ya tsufa, ya rame. Ya zo har shagona, muka rungume juna a bakin titi mutane na kallo. Da ya zauna ya sha ruwa, tambayar farko da ya yi mini ita ce mutum nawa na koya wa takwas da biyar. Na ce babu ko ɗaya, ina jiran ya yabe ni. Ya girgiza kai ya ce, "Da na mutu a can fa, kai ma ka mutu a nan?" Ban fahimce shi ba a lokacin, ko kuma na ƙi fahimta. Don haka nasihata ta farko: duk abin da za su koya maka a can, kada ka yi rowarsa. In abokin karatunka ya leƙo takardarka yana son ya gane, ka matsa masa ya gani da kyau. Rowar sani ta sa na tsufa ina fargabar kowa, har ɗan cikina.

Kada kuma ka ɗauka tunda na samu wannan awo na daina ɓarna. Shekarar da na buɗe shagona, aka ba ni aikin babban tebur na wata makaranta. Lokacin ban mallaki tef ba, da kamu nake awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Don sauri na ce wa baffanka Garba ya auna faɗi ni in auna tsawo. Ka san Garba, in ya miƙa hannu daga zaure sai ya ɗauko tulu a tsakar gida. Ka kuma san ni, ba a taɓa zargina da tsawo ba. Ya auna nasa da dogon hannunsa, na auna nawa da ɗan guntun nawa, kowa ya cika ƙirgensa daidai, ba wanda ya yi kuskure. Muka haɗa tebur ya fito kusan murabba'i, ƙato, ya ƙi shiga ƙofar ajin. Shugaban makarantar ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Malam Ɗanladi, gado muka ce ko tebur?" A ka muka dawo da shi Fagge, 'yan layi suna mana sannu da aiki.

Abin da na koya a nan shi ne lambar ba ta damu da abin da ka auna da shi ba, muddin abu ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Yanzu ga gwamnati ta ce a bar inci da ƙafa a koma mita, tsofaffin layinmu duk sun rikice, ni ko a jikina, don takwas da biyar ba ruwansa da inci ko mita. A can za ku yi aiki da mutane da yawa a kan gini ɗaya, wani ya zana, wani ya auna, wani ya gina. Kafin a sa hannu, ka tabbata ma'auni ɗaya ke hannun kowa. Kada ka ji nauyin tambaya don kada a ce kai baƙauye ne. Tambayar minti ɗaya ce da ta hana mu ɗaukar tebur a ka daga can har nan.

Wannan na dariya ne. Mai zuwa ba na dariya ba ne, kuma ban taɓa ba kowa labarinsa ba sai innarka.

Akwai wata tsohuwa a bayan layinmu, Inna Delu, mai kaɗin zare. Ba za ka tuna ta ba, kana goye ta rasu. 'Ya'yanta suka sa in yi mata sabon ƙyaure na ɗaki. Na zuba duk iyawata a ciki, na sa katakon tsakiya a gida na takwas, na kafa sakata a kansa, domin a nan ta fi kyan gani. Na je na kafa ƙyauren da hantsi, na tsaya daga nesa ina yaba kaina. Ita kuwa tana zaune a tabarma tana sa mini albarka. Ban ce ta tashi ta gwada ba. Ban lura tsufa ya ranƙwafar da ita ba, kafaɗarta kuma ba ta ɗaguwa. Ashe kullum in za ta kulle sai ta taka 'yar kujerar tsugunno. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada a ce ta raina kyautar 'ya'yanta. Wata rana da damina kujerar ta zame, ta faɗi a kan hannunta na dama, ya karye a wuyan hannu. An ɗora, amma bai koma daidai ba, ba ta sake riƙe mazari ba har ta bar duniya.

Da na je gaishe ta na tsuguna na kasa haɗa ido da ita. Ta ce, "Haba ɗan nan, daina sunkuyar da kai. Ƙofa ta yi kyau, kowa ya shigo sai ya yaba. Ni ce dai ba ta yi wa ba." Na sauke sakatar a ranar, aikin da bai kai shan ruwa ba. Har yau ban manta maganar nan ba.

Saboda haka, Abba, ka koyi rabon nan na zinariya har ya zauna maka, ka san shi fiye da yadda na san shi, amma kada ka fara da shi. Ka fara da wanda zai zauna a gidan. Ka je ka gan shi a tsaye, ka ga matarsa, ka ga tsohuwar da ke ɗakin baya, ka ga inda suke girki da inda rana ke duka da la'asar. In lissafi ya ce nan, jikin mai gida ya ce can, ka bi jikin mai gida, ka nemi kyan a wani wuri. Kuma kada ka yarda da wanda zai ce maka duk abin da ke da kyau a duniya sai ya bi wannan lamba. Na auna ƙofofin tsofaffin zauruka a cikin birni, waɗanda ke sa mutum ya tsaya kallo, wasu sun bi, da yawa ba su bi ba. Hanya ce mai kyau, amma ba ita kaɗai ba ce.

Saura ɗaya, wannan kuwa ka san shi, sai dai ba ka san cewa aikina ne ba. Tun da kuɗin mai suka shigo gari, kowa ya zama ɗan kwangila, kowa na rushe soron ubansa yana zuba siminti. Shekara biyu da suka wuce wani alhaji a unguwar Kwaciri ya sayi doguwar mota, ya kira ni in yi masa ƙofar gida. Yana son faɗin da mota biyu za su shiga a jere, amma ba ya son a taɓa barandar da ya riga ya ɗora a sama, saboda haka ba tsayi. Ina gani na san abin da zai fito. Na buɗe baki zan ce a raba ta biyu da ginshiƙi a tsakiya, ko a yi ƙaramar ƙofar mutane a gefe don ta ɗauke ido, sai ya ce, "Malam, in ba za ka iya ba akwai masu walda a Sabon Gari." Na haɗiye maganata na ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Ba yunwa nake ji ba a lokacin, aiki har ya yi mini yawa. Tsoro ne kawai kada a ce wani ya karɓe mini alhaji.

Bara da sallah muna wucewa ta ƙofar gidan ni da kai, za mu gaida gwaggonka, ka tsaya ka karkata kai ka ce, "Baba, wa ya yi wannan ƙofa? Kamar wani ƙato ya zauna a kanta." Na ce maka mu yi sauri rana na yi. Ba rula a hannunka ranar, ba littafi, kallo ɗaya ka yi mata. Shekara bakwai na yi a Sabon Gari kafin a nuna mini abin da kai ka gani kana tafiya kana cin gyaɗa. Da na ce ba ka da ido, na san ƙarya nake tun maganar ba ta gama fita daga bakina ba.

Za ka fito a lokacin da masu kuɗi suka fi masu sani yawa, kuma su za su riƙa kiranka. Ka girmama su, ka ce ranka ya daɗe, ba ya rage ka da komai. Amma ka faɗa musu gaskiya sau ɗaya, a fili, cikin ladabi, ka kuma kawo musu wata mafita a hannunka. In sun ƙi, ka zaɓa ko ka yi ko ka bari, amma dai ka faɗa. Abin da kafinta ya ɓata yakan ruɓe cikin shekara ashirin. Naka na siminti ne, jikokinka za su wuce ta gabansa.

To, ga abin da na yi shekaranjiya Alhamis, tunda a gaban mutane na ci maka fuska, ban ga dalilin da zai sa in ba ka haƙuri a ɓoye cikin takarda kawai ba. Bayan la'asar na kira Malam Tanko da Isiyaku, na ƙara da duk wanda ke layin, na zaunar da su a kan bencin nan. Na jingina ƙyaure, na ɗauki alli, na raba shi gida goma sha uku a gabansu, ban juya wa kowa baya ba. Na ce ga abin da na ɓoye muku shekara talatin. Na ce kuma ku shaida, abin da na faɗa wa ɗana ranar nan ƙarya ne, yaron ya fi ni ido, ya fi duk wanda ke zaune a nan.

Sai Malam Tanko ya gyara hularsa, ya dubi Isiyaku, ya dube ni, ya ce:

"Ɗanladi, wai takwas da biyar ɗin? Haba. Ai tun kafin a haifi Abba muka auna ƙyaurenka ranar da ka tafi jana'iza. Duk layin nan da shi muke aiki. Mun ga kana jin daɗin ɓoyon ne muka ƙyale ka."

Suka fashe da dariya har Isiyaku na riƙe ciki. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Amma da suka lafa Malam Tanko ya matso ya dafa gwiwata, ya ce, "Maganar yaron ce ba mu ji daɗinta ba. Mun daɗe muna jira ka janye ta."

Ka ji, Abba. Abin da na yi shekara talatin ina gadi ba wanda ke nemansa, kowa na da shi. A kansa na ɗaga murya na kori ɗana daga aikin da Allah ya yi shi dominsa. Ban taɓa jin na ƙasƙanta kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin sauƙi a ƙirjina kamar ranar ba.

Ni ba mai roƙo ba ne, ka san ni, amma yau ina roƙonka. Ranar Litinin in ka tsaya gaban teburin rajista aka miƙo maka takarda, ka rubuta zanen gine-gine. Ba na shakkar za ka iya, ko kaɗan ba na yi. In ka ga daga baya ba ka son sa don kanka, ka bari, ba zan ce komai ba. Amma kada ka bar shi saboda maganar da na faɗa cikin fushi, don mai maganar ya tsaya a gaban shaidu ya ce ƙarya ya yi. Ka yafe mini.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka ci abinci ko ba daɗi, ka rubuto wa innarka don ba za ta yi barci sosai ba sai ta ga hannunka. Allah ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da malamai masu son koyarwa da abokai na gari. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya yi wa idonka da hannunka albarka, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Ɗanladi Kafinta